Takardar Naɗe Tsire

A Gujungu, ran kasuwa, gefen tukubar babana,
nan Haladu ya kama karatun boko
daga tsofaffin jaridun da muke naɗe tsire.
Ni ina barbaɗa yaji, shi yana haɗa baƙi.
In mai ya cinye rabin kalma, sai ya ƙarasa da ka.
Tun a nan ya saba da cike giɓi.

Ya tafi Kano da silifa mai ɗaurin waya,
ya shekara bakwai yana kwana gindin injin wani,
har ya sayi nasa, tsoho, mai tarin ɗan taba.
Fitowar fari da hannunsa ya kawo mana:
farashin gero, ranar rabon taki,
gargaɗin cewa ruwa na tafe.
Ba wanda ya saya.
Duka ɗari biyun, ni na naɗe nama da su.

Sai ga mako na tara:
MARAƘI MAI KAI BIYU YA YI SALLAMA A GUJUNGU!
Maraƙin Arɗo Giɗaɗo ne, na gan shi da idona,
kansa ɗaya, ƙari ne kawai a wuya,
ya mutu bai ce wa kowa uffan ba.
Amma kafin azahar Tartsatsi ta ƙare a tasha,
kwandasta na karanta wa fasinja,
mai shayi na ba da hayarta.

Na ce, Haladu, wannan ai ƙarya ce.
Ya ce, Sabi'u, naman nan naka,
wa zai ci in ba yaji?
Na ce, ni dai akwai nama a ƙarƙashi.
Ya yi dariya, ya ba ni agogo.

Daga nan kanun labari suka yi ta ƙiba:
aljana a rijiyar Taura, ƙoƙon kai a buhun barkono.
Inji ɗaya ya haifi shida.
Malam Isiyaku, hedimasta, shekara ashirin da alli a hannu,
sai ga hotonsa: YA CINYE RUFIN MAKARANTA!
Iska ce ta ɗauke kwanon, kowa ya sani.
Gyara ya fito bayan wata uku, shafi na sha ɗaya,
ƙasan tallan maganin basir.
Lokacin Malam ya daina zama sahun gaba.

Shekarar da kogi ya ci shinkafar fadama,
muka kwana kan kwalta, mu da awaki,
yaronsa ya zo da kyamara,
ya tambaya ko akwai gawa.
Da muka ce babu, ya koma mota.

Ya dawo gida da tsufa da ciwon suga,
ya kafa bene a tsakiyar gidajen ƙasa.
Da dare yakan aiko in kai masa tsire,
kar a sa yaji, likita ya hana.
Sai mu zauna shiru.
Sau ɗaya tak ya tambaye ni
ko iyalan Isiyaku na nan.

Ran Laraba muka kai shi, farin yadi kamar na kowa,
ni na kama kan makara.
Ran Juma'a Tartsatsi ta iso:
AN BINNE ALHAJI DA AKWATIN ZINARE!
Yaran da ya koyar ba su manta karatu ba.
Yanzu 'yan banga ke kwana a maƙabarta,
don an ga sawun masu shebur.

Na sayi guda goma. Takardar na da kauri, ba ta yoyo.
Jiya wani yaro ya tsaya gefen tukuba,
yana lasar yatsa, yana haɗa baƙi,
ya ɗago kai ya ce, Baba, da gaske ne?
Na ce, ci namanka tun bai huce ba.